Muryar da 'Yardada Ta Manta

"Sannu da hutawa, amarya. Ko gaisuwar ma yanzu sai na aiko da goro?"

'Yardada ba ta juyo ba. Tana kwance a kan katifarta ta ba ƙofa baya, ta ja mayafin takaba har kunne. Kwanon tuwon da aka kawo mata tun azahar yana gefe, ko murfinsa ba a ɗaga ba.

Hashimu ya tuɓe takalmi ya shiga ya tsuguna. Shi ne jikan da aka raɗa wa sunan mijinta, marigayi Malam Hashimu na unguwar Madabo a Kano, saboda haka tun ranar suna tsohuwar ba ta taɓa kiran sunansa ba. Mai-suna take ce masa, in ya ishe ta kuma ta ce ƙaton banza. Tela ne, ya ba talatin baya, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa shiga ɗakin nan ya fita ba a zage shi tas ba. To, tun da aka yi sadakar arba'in ɗin Malam zagin ya ƙafe. Da safen nan gwaggonsa Halima ta kira shi tana kuka, ta ce tsohuwa ta daina cin abinci, kunu ma sai ta kurɓa ta ture. An kawo likita ya ce bai ga ciwo ba. Hashimu ya rufe shago ya taho da tsoro fal cikinsa, domin ya san tsofaffin gidansu. In suka juya wa bango fuska, ba kasafai suke juyowa ba.

"An ce min kin daina cin abinci don ki rame ki shiga kayan lefe. Ki daina wahalar da kanki. Ni a haka na gani na ce ina so, da haƙoranki uku."

Ragowar ruwan sama na ɗiga daga indararo.

"Au, biyu ne ashe. Na manta ɗaya ya bi goro."

"Huɗu ne," in ji wata murya can ƙarƙashin mayafi. "Makaho."

Hashimu ya ji wani nauyi ya ɗan sauka daga ƙirjinsa, amma bai nuna ba.

"Huɗu? Buɗe in gani. Ni ba na sayen kaya a rufe."

"Je ka duba na uwarka."

"Uwata haƙoranta cif. Ke nake tausayi, in an ɗaura da me za ki ci naman walima?"

"Wa zai aure ka? Ƙato da kai, sa'anninka suna kai 'ya'ya makaranta, kai kana zaune kana auna matan mutane. Rigar da ka ɗinka min da salla ma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Hannun da kike karɓar tsaraba da shi ne ya fi tsawo. Ni abin da na gani na auna."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta kamar dariya za ta zo, sai ta mutu a hanya.

"Tashi ka tafi, Mai-suna. Yau ba ni da wasa."

"Ba inda za ni sai kin ci tuwon nan. In kin ƙi, ni in cinye in ce ke ce."

Ta juyo a hankali. Hashimu ya kawar da ido da sauri, don bai taɓa ganin fuskar mutum ta zabge haka cikin ɗan lokaci ba. Ta dube shi, ta daɗe, sannan ta ce, "Na manta muryarsa."

Bai tambayi ta wa ba. Shekaru kafin rasuwar Malam ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Da ido da hannun hagu ya ƙarasa zamansa na duniya.

"Fuskarsa tana nan," in ji ta. "Ƙamshin turarensa yana jikin buzun can. Har yadda yake jan takalmi a soro ina ji a kunnena. Amma muryar na nema na rasa. In na yi mafarkinsa sai in ga baki na motsi ba sauti. Mutumin da ya yi min magana tun ina yarinya har na tsufa, a ce na manta yadda yake yi? To in na je can ya kira ni, da me zan gane shi ne? Tuwo kake min magana. Tuwo ina zai wuce?"

Hashimu ya laluba nasa kan, shi ma bai tarar da komai ba sai gyaran muryar da Malam kan yi in zai shigo gida. An riga an birkice wayoyin dangi kaf. Bidiyo ɗaya aka samu na wani suna, Malam yana zaune a gefe ya sunkuyar da kai yana jan carbi, don shi mai ɗaukar hoto bai taɓa burge shi ba.

Sai ya tuna. Kafin ciwon, waɗansu samari 'yan jami'a sun zaga unguwar da na'urar naɗar murya, suna bin zaure zaure suna ɗaukar karatun dattawa, suka ce za su zuba a wani ɗakin karatu na cikin waya. Sun yini guda a zauren Malam. Manhajar ɗakin karatun kuwa tana cikin wayar Hashimu, da ita yake sauraren littattafai in yana taka keken ɗinki. Bai taɓa neman kakansa a ciki ba.

Ya zaro wayar. "In na nemo miki shi fa?"

"A cikin wannan abin? Kai ko allura ta faɗi a shagonka sai ka kira maƙwabta."

"In na nemo, ki ci tuwo, kuma takaba na ƙarewa a ɗaura mana aure."

"In ba ka nemo ba fa?"

Hashimu ya dubi wayar. Ya ga ya yi alkawarin da bai san ƙarshensa ba, kuma in ya gaza, ya ƙara mata ciwo ne a kan ciwo. Ya ce, "In ban nemo ba, na sake ki."

"Da na huta."

Katangar ɗakin ta ƙasa ce, irin ta mutanen da, mai kaurin da ba abin da ke ratsa ta. Sabis ya ƙi shiga. Dole Hashimu ya koma bakin ƙofa ya zauna a kan dokin ƙofar, ya ɗaga wayar sama yana juyawa har ta kama.

"To. Nan ga gurbin da ake rubuta sunan wanda ake nema. Faɗi sunan in rubuta."

"Wane suna?"

"Na mutumin. Ni na san Malamai da yawa. Wanne daga ciki?"

"Ungo nan." Ta fito da hannu daga mayafi ta yi masa daƙuwa. "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa faɗa ba, sai yau don ɗan tela ya ce? Ka rubuta naka, ai sata ka yi."

"Ba sata na yi ba, ba ni aka yi da rago."

"Ragon ma ramamme ne. Ni na soya shi."

Ya rubuta sunan ya danna. Littattafai suka zubo, ya fara karanto mata. Akwai wani Hashim da ya rubuta littafi kan ciwon suga da Turanci, akwai wani mai koyar da kiwon kaji, akwai wani Balarabe mai littafi mujalladi mujalladi.

"Mai kiwon kajin ne naki?"

"Malam ko ƙwai bai san kuɗinsa ba."

"To bari in tace. Kin san rariya? Haka abin yake. Ka zuba gari duka, ka tankaɗe, tsaki ya tsaya a sama. Yanzu zan ce masa Hausa kawai nake so." Ya danna. "Turanci da Larabci sun fita. Yanzu zan ce ban da na karantawa da ido, sai na saurare da kunne." Ya sake dannawa. "Yanzu fanni. Ga tarihi, ga lafiya, ga noma, ga labarai, ga addini. Addini dai ko?"

"A'a, kiɗan kalangu. Ka taɓa ganin Malam da wani abu ban da littafi?"

Ya danna addini, ya danna Kano a wurin da aka naɗa. Abin da ya rage a rariyar bai cika tafin hannu ba. Ya ƙure sautin wayar ya kunna na farko. Wata siririyar murya ta fara bayanin alwala.

"Kashe. Wannan ta hanci yake magana. Mura ce da shi ko haka aka haife shi?"

Ya kunna na biyu.

"Wannan yaro ne. Ko gemu bai tsiro masa ba, ina ji a muryarsa."

"Yanzu har gemu kike ji da kunne?"

"Naka ma ina ji, guda bakwai ne, kamar na bunsuru."

Na uku murya ce ta tsoho, mai kauri, mai nutsuwa. Hashimu ya ga ta ɗago kai daga matashi, ta dogara da gwiwar hannu. Ta saurara, ta runtse ido. Can ta koma ta kwanta.

"Ba shi ba ne. Wannan Bazazzagi ne, ji yadda yake jan magana." Sannan ta ce a hankali, "Ko kuwa shi ne ban gane ba? Ka ga abin da nake gaya maka?"

"Ba shi ba ne. Ga hotonsa nan, wani ne mai tabarau."

Ya sake komawa. Ya rubuta sunan da Madabo a gaba, ya rubuta da sunan mahaifin Malam, ya sa Malam, ya sa Alhaji, ya cire duka. Ya zaɓi shekarun da yake zaton samarin sun zo, ya ƙara gaba, ya rage baya. Kowane karo wayar sai ta yi ɗan juyi ta fito da rubutu iri ɗaya a kan farin fili: ba a sami komai ba.

"Me ya ce?"

"Sabis ne yake wasa."

"Ƙarya kake. Tun kana zanen goyo in za ka yi ƙarya kake sosa kunne." Ta ja mayafinta. "Bar shi, Mai-suna. Yaran nan sun ci tuwona sun tafi, wataƙila ko kunna abin ba su yi ba. Ka sake ni, na gode. Rufe min ƙofa in za ka fita."

Ta juya wa bango fuska.

Hashimu ya zauna da waya a hannu, ya ji ya tsani kansa. Ya zo ya tayar da tsohuwa daga kwance, ya nuna mata ƙofa, ƙofar ta zama bango. Daga tsakar gida ya hango Gwaggo Halima tsaye a bakin madafi tana kallonsa, ya girgiza mata kai, ta sa gefen zani ta share ido ta koma ciki. Hadari ya sake haɗowa ta gabas. Ya yi niyyar tashi, sai dai ƙafarsa ta ƙi, don ya san in ya rufe ƙofar nan yau, zagin da ya sha ɗazu shi ne na ƙarshe.

"Kafin in rubuta miki takardar saki, tambaya ɗaya. Ran da yaran suka zo, wane littafi ya karanta musu?"

"Ni a zaure nake kwana? Abinci na aika."

"Ba ki ji komai ba? Ke da kike jin gulmar gida uku daga nan?"

Ta gyara kwanciya. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Dariya na ji."

"Dariya?"

"Yaran suna ta ƙyaƙyatawa, har ɗaya yana tari. Na ce a raina 'yan boko ba su da ta-ido."

"Amarya, wa kika taɓa gani yana dariya a kan babin alwala?"

Mayafin ya motsa.

"Kuma kafin su zo, bai ce miki komai ba?"

"Me zai ce? Shirme dai ya tambaye ni. Ana gobe za su zo ya tsaya a nan inda kake zaune, yana ta gyaran murya, wai tatsuniyar nan da nake yi wa yara ta tukunya mai tsegumi, yaya ma ƙarshenta yake. Na ce Malam tsufa ne ya fara taɓa ka? Mutumin da in ya ji ina yi wa su ubanka tatsuniya sai ya daka tsawa daga soro, a daina cika wa yara kai da ƙarya. Saboda shi na daina. Ku jikoki ai ba ku samu ba."

Hashimu ya dubi fuskar wayar. Kalmar addini tana nan a sama inda ya danna ta tun farko, ita ce ta tare komai. Shi da kakarsa sun sa wa Malam rawani sun zaunar da shi a kan buzu, suka hana rariyar ta nuna shi a ko'ina sai a can. Ya cire addini. Ya goge sunan ma gaba ɗaya. Ya gangara cikin fannoni har ƙasa, inda bai taɓa leƙawa ba, ya danna tatsuniyoyi.

"Kin san me nake zato? Mijinki tatsuniya ya yi musu."

"Allah ya shirye ka. Malam? Da rana tsaka?"

"Da rana tsaka."

"To in haka ne shi ya sa ya ɓata. Tun muna yara aka gaya mana mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Ga shi nan ya ɓata a cikin waya."

Ta faɗa da tsiwa, amma ta tashi zaune. Hashimu ya yi kamar bai gani ba.

Tatsuniyoyin Kano da aka naɗa suna da yawan gaske, yana ja suna ƙara zuwa, yawanci muryoyin mata. Ya rubuta tukunya, aka kawo masa tukwane iri iri, ba mai tsegumi a ciki. Ya duba sunayen masu karantawa, ba Hashimu ko ɗaya. Amma ya lura da wani abu: a ƙarƙashin kowace akwai layi biyu, ɗaya na wanda ya faɗa, ɗaya na wanda aka samo daga bakinsa. Kuma ana iya nema da kowanne.

Ya rubuta 'Yardada. Ba a sami komai ba.

Ya ɗago ya dube ta, sai kunya ta kama shi, don ya gane abin da bai taɓa tambaya ba tsawon rayuwarsa. 'Yardada ai laƙabi ne, irin wanda ake ba yarinyar da ta ci sunan kakarta.

"Wai ni kam, mene ne sunanki na yanka?"

"Ka ji ƙaton banza. Kana neman aurena ba ka san sunana ba?"

"Waliyyinki ne ya ɓoye, wai kar in gudu."

"Waɗanda suka san sunan nan duk suna maƙabarta. Ubanka ma sai ya yi tunani."

"To faɗa min kafin ke ma ki manta."

"Me zai kai sunana cikin waya? Ni ban taɓa magana da yaran nan ba, ko inuwata ba su gani ba."

"Ke dai faɗa. In babu, na tafi, ba za ki ƙara ganina ba sai ranar rabon gado, in zo in ɗauki haƙoran nan huɗu."

Ta yi tsaki. Ta dubi bango, ta dubi buzun Malam da ke naɗe a lungu. Sannan ta faɗa can ƙasa, kamar mai ambaton wata baƙuwa da ta daɗe da tafiya.

"Sa'idatu."

Ya rubuta. Wayar ta yi juyi, ta tsaya, ta sake juyi, sabis ya ɗauke ya dawo. Sai abu ɗaya tak ya fito. Ba hoto, sai zanen tukunya. A layin wanda ya faɗa an rubuta: wani dattijo, Madabo, ya ce a sakaya sunansa. A layi na biyu: daga bakin Sa'idatu.

Ya juyo gare ta. "Akwai abu ɗaya. Amma in na shigo da wayar ciki zai yanke. Sai kin taso."

"Ka kunna daga nan."

"Kunnenki ba ya kaiwa. Taso, amarya, ango ba ya bin amarya har gado a gaban mutane."

Ta zage shi, zagi mai kyau irin na da. Sannan ta dafa bango, ta ja jiki da gwiwa da tafin hannu, ta ƙi yarda ya taimaka mata, har ta iso bakin ƙofa tana haki. Rabonta da wurin tun ranar arba'in. Ya ajiye wayar a kan cinyarta ya danna.

Aka fara jin hayaniyar zaure, kukan akuya daga nesa, wani saurayi yana cewa bismillah Malam. Sai gyaran murya. 'Yardada ta damƙe hannun Hashimu da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"To," in ji muryar, mai ɗan kaushi, mai saurin da Hashimu ya manta Malam yana da shi. "Kun ce in karanta muku littafi. Littattafan nan suna kowane zaure a birnin nan, in na mutu akwai dubu masu karantawa. Abin da zan ba ku babu shi a takarda. Kuma kar ku sa sunana, almajiraina za su ce Malam ya zautu. Ba nawa ba ne ma. Na Sa'idatu ne, uwar 'ya'yana. Ita ba za ta fito gabanku ba. Ni kuwa shekara da shekaru ina zaune a soro ina ji ta taga, ina yi kamar lazimi nake. In ta kai wurin daɗi sai in yi tsawa, don kar a ji ni ina dariya. Da ta daina, ni na fi yaran jin haushi, girman kai ya hana ni cewa ta ci gaba. To ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta," in ji 'Yardada, ita da samarin cikin wayar a tare.

Sai ta rufe baki da mayafi. Hawaye suka gangaro ta cikin tamojin fuskarta ba sauti. Hashimu ya kai hannu zai tsayar, ta buge hannun.

"Marar kunya," ta ce da wayar. "A gaban baƙi. Sunana ƙiri ƙiri a gaban baƙi." Ta ja numfashi. "Tun da aka kawo ni ban taɓa ji a bakinsa ba. Ke, yake cewa. Ko ya ce wance tana ciki?"

Muryar ta ci gaba da labarin tukunyar da duk abin da aka faɗa a madafi sai ta maimaita shi a gaban baƙi. Malam yana kwaikwayon muryar tukunyar, yana siranta murya kamar mace, samarin suna ƙyaƙyatawa, ɗaya yana tari. Gwaggo Halima ta fito ta tsaya a tsakar gida da muciya a hannu, yayyafi na sauka a kanta ba ta sani ba.

"Shi ne," in ji 'Yardada. "Shi ne wallahi. Yanzu ko yau aka kira ni, na san muryar da zan amsa wa."

Hashimu ya dube ta. Ba don wannan ya nemo ba. Ya ji kamar da hannunsa ya share mata hanya. Sai tsohuwar ta ɗaga yatsa, ta karkata kunne, ta haɗe gira.

"A'a. A'a! Ba a nan aka kai ta kasuwa ba. Sai da ta tona asirin mai gidan tukuna. Ji yadda ya tsallake! Kuma ba bazawara ce ta saye ta ba, makauniya ce. Wannan mutum ya ɓata min tatsuniya."

Hashimu ya cafke maganar tun kafin ta faɗi ƙasa. "Ato. Kuma haka duniya za ta yi ta ji, da sunanki a jiki. Har jikokin jikoki za su ce Sa'idatu ba ta iya tatsuniya ba."

"Ni? Ni ce ban iya ba?"

"Ga shaida a waya. Sai dai in ke za ki faɗa daidai in naɗa, in nemi yaran su ajiye kusa da tasa. Amma da wannan muryar taki ta yunwa, ko sauro ba zai ji ba. Kuma guda nawa ce ma? Na ga nasa ya kai tsawon yini."

"Ya san rabi ne? Rabin ma a karkace." Ta share fuska da bayan hannu, ta dubi kwanon da ke can gefen katifa. "Miƙo min abin can. Ka ce wa Halima ta ɗumama miyar, ni ba na cin miya da sanyi kamar mayya."

Gwaggo Halima ba ta jira a gaya mata ba, ta riga ta shige madafi da gudu.

Hashimu ya ɗauko kwanon ya ajiye a gabanta, ya juya baya ya goge idonsa da hannun riga, sannan ya juyo yana washe baki.

"To na cika alkawari. Saura naki. Takaba na ƙarewa zan turo magabata."

"Na fasa."

"Kamar yaya kin fasa? Da shaidu fa aka yi."

"Mijina ya dawo. Ka ji yadda namiji ke faɗin sunan mace? Kai ko sanin sunan ba ka yi ba sai yau. Je ka nemi daidai kai, mai hannu ɗaya ya fi ɗaya."

Hashimu ya yi dariya, dariyar da ta fito tare da ragowar kukan da ya danne tun safe. Ya zare cajar wayar daga aljihu ya naɗe ta, ya ɗora a kan cinyarta kusa da wayar.

"Na sallama. Tsoho yana kabari ya ƙwace min mata. Riƙe wayar, ta zama taki, ni na koma sauraren ƙarar keke."

Ba ta yi godiya ba, ba ta ma dube shi ba. Ta gutsuri tuwon tun miya ba ta iso ba ta kai baki, tana taunawa da haƙoranta huɗu, sannan ta tura masa wayar da gwiwar hannu.

"Kafin ka tafi, ƙaton banza, mayar min da shi farko. Wurin da ya faɗi sunan."